Ku Ƙarasa Wa Masu Sauraro Labarin Yarinyar Misisipi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya a kan makarantun sakandaren Amurka, inda aka taɓo bikin rawar 'yan ajin ƙarshe da ake kira furom, har aka ambaci yarinyar da ta maka hukumar makarantarsu a kotu don an hana ta zuwa da budurwarta. Mai gabatarwa ya ba da labarin cikin minti guda, masu kiran waya suka yi ta dariya da "Allah ya kyauta", aka wuce. Ni direban motar ɗaukar 'yan makaranta ne a jihar Ohio, na daɗe a kan wannan sitiyari, kuma ina roƙon fili in ƙarasa abin da aka bari.

Sai wanda ya zauna a nan ya san nauyin furom a zuciyar yaro. A watan Afrilu ko Mayu ake yi, amma tun Fabrairu ba ni da wata hira a mota sai ita: wa zai je da wa, nawa ne tikiti, ina ake hayar kwat. Ɗokin ya yi kama da na kayan Sallah. Wanda bai je ba kuwa, kowa zai sani.

Sunan yarinyar Constance McMillen, shekararta 18 a lokacin, a garin Fulton na jihar Misisipi. A 2010 ta nemi izinin zuwa da budurwarta, sanye da kwat irin ta maza. Aka ce a'a. Da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta sa baki, sai hukumar makarantun gundumar Itawamba ta soke bikin ɗungurungum. Ku duba dabarar: ba a ce mata komai ba, an dai bar ta da 'yan ajinsu da ke ganin ita ta ja musu asara. Alƙali Glen Davidson ya ce an tauye mata haƙƙi, amma bai tilasta a maido da bikin ba, saboda an tabbatar masa iyaye za su shirya wani wanda kowa zai iya zuwa.

Ga wurin da shirinku bai kai ba. Ranar 2 ga Afrilu ta yi ado ta tafi inda aka ce mata za a yi. Ta tarar da ɗalibai ba su fi a ƙirga da yatsu ba, biyu daga cikinsu masu lalurar koyon karatu ne. Sauran 'yan aji suna can wani wuri suna casu, a bikin da iyaye suka shirya ba tare da an gayyace ta ba. Daga baya ta bar makarantar, ta ƙarasa a birnin Jackson. A watan Yuli hukumar ta amince ta biya ta dala 35,000.

Malam, ban zo da fatawa ba. Ni Musulmi ne, na san abin da malamaina suka koya mini, kuma ko 'yata ta cikina ban bari ta je furom ba, mun sha rigima a kan haka. Amma ku tsaya ku ƙirga manya nawa ne suka haɗa baki kafin wannan abu ya yiwu. Iyaye masu furfura suka riƙe sirri har kwanaki don su ga 'yar shekara 18 ta shiga ɗaki wayam da kwalliyarta. Su kuma yaran nan biyu masu lalura, wane laifi suka yi da aka manta da su? A wane gida ake kiran wannan tarbiyya? Da sun fito fili sun ce ba ma so, da sai a ce sun tsaya a kan ra'ayinsu. Wannan kuwa cin fuska ne da aka yi a ɓoye, irin na wanda ya san abin kunya yake yi.

Kuma batun ba sabo ba ne. Tun 1980 wani ɗalibi, Aaron Fricke, ya kai shugaban makarantarsu kotu a jihar Rhode Island. Shugaban ya ce tsoron tashin hankali ne ya sa ya hana shi zuwa da saurayi, kuma gaskiya ne an taɓa naushin yaron har sai da aka ɗinke masa fuska. Alƙali Raymond Pettine ya ce aikin makaranta shi ne ta tsare yaron, ba ta bar masu duka su yanke hukuncin wanda zai shiga ba. Aka ƙaro masu tsaro, ya je, aka tashi.

Wannan hukunci nakan tuna shi saboda abin da nake gani a madubin mota. Kujerar da ke bayan direba, ba mai son ta, sai yaron da baya ta gagare shi zama. Shekara biyu wani siririn yaro Bature yana zama a nan. Bai taɓa gaya mini komai game da kansa ba, ni ma ban tambaya ba, amma sunan da ake jifansa da shi daga kujerun baya kullum ɗaya ne, da ƙwallon takarda, wani lokaci har da kwalbar ruwa. Na rubuta rahoto ya fi sau biyar. Yaran da ke yi masa haka, su ne dai waɗanda wata rana suka ja wa 'yata hijabi suna tambayar ko bam ta ɓoye a ciki. Ko ɗaya bai canza ba. Shi ya sa dariyar masu kiran waya ta tsaya mini a maƙoshi. Waɗanda suke taya wa dariya, su ne za su yi wa 'ya'yansu in sun zo nan.

Litinin ɗin da ta biyo bayan furom na shekarar da ya gama, mota ta kaure da hayaniya, waya na yawo daga hannu zuwa hannu ana nuna hotuna. Ba wanda ya miƙo masa. Na ce masa, "Yarona, ka je kuwa?" Ya girgiza kai. Can ya ce ya sayi tikiti tun watan Maris, yana nan cikin jakarsa. Fitila ta ba da hannu, na ja mota.

In za ku sake taɓo batun, don Allah ku karanta wa mutane abin da ya faru a daren 2 ga Afrilu, sannan ku buɗe layi.

Naku,
Wani direban motar makaranta,
Jihar Ohio, Amurka