Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga rahoton bana, a yi haƙuri ya makara.

Taron wata-wata mun yi yadda aka saba, na watan azumi kawai muka ɗage.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne zaman da muka yi kan rikicin Jami'ar Minnesota ta Amurka da masu kula da Linux, wato babbar manhajar nan ta tafiyar da kwamfuta da kowa zai iya tura mata gyara, masu dubawa su duba kafin a karɓa. Ga waɗanda ba su zo ba, a Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya hana jami'ar gaba ɗaya tura gyara ga manhajar, saboda wani malami da ɗalibinsa sun taɓa tura gyaran da suka san akwai ɓarna a ciki da gangan, wai don su gwada ko masu dubawa za su gano, suka rubuta takardar bincike a kai. Ba su nemi izinin kowa ba, kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar kuma ya ce ai ba bincike kan mutane ba ne. To masu dubawan da ke ba da lokacinsu, su ba mutane ba ne? Dole aka sake bin gyare-gyare sama da 400 da suka fito daga jami'ar, masu binciken kuma suka nemi afuwa suka janye takardar. Ranar ɗakin ya cika har wasu a tsaye, aka ɗauke wuta muka ci gaba da fitilar waya, ana ta musu kan wa ya fi laifi, ɗalibi ko jami'ar da ta sa hannu, har aka kira magariba ba wanda ya tashi. Wallahi na ji daɗi.

Ƙa'idojin da muka ce za mu rubuta da Hausa don ɗalibai masu bincike kuwa ba a gama ba, kuma ba sakaci ba ne. Mun kai wasiƙa wani sashe na wata makaranta sau biyu shiru, mutum biyu ne kawai suke rubutun, kuɗin data da man janareta daga aljihunmu suke fita. Mafi yawanku ba ku biya kuɗin wata ba, na bi ku a WhatsApp har na gaji, wasu sai dai su karanta su wuce amma ranar rabon riga kowa na nan.

Don Allah duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taro na gaba, don mu samu mu buga daftarin.