Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum ranka ya daɗe.

Ni ungozoma ce, shekarata ashirin da 'yan kai a ɗakin haihuwa, kuma tun kafin wani ya zabura ya ce an turo ni bari in faɗa, ban zo neman a halatta zubar da ciki haka siddan ba, ni ma musulma ce kuma na san mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta sosai a wannan babin. Maganata akan ƙofar da doka ta riga ta buɗe ce amma mu ma'aikata muke tsoron shiga.

Yallaɓai ai ka fi ni sani, sashe na 232 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Arewa, ya ce wanda ya zubar da cikin mace zai iya shan ɗaurin shekara 14, SAI DAI in ya yi ne da kyakkyawar niyya dan ceton ran uwar. To wallahi shekara 14 ɗin nan kowa ya haddace ta, daga likita har mai shara, amma "sai dai" ɗin nan kamar ba'a rubuta ta ba.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah matar aure, 'ya'yanta biyar, aka kawo ta da dare cikin wata huɗu jini ya ɓalle mata, kowa ya san cikin nan ba zai tsaya ba, amma maimakon a yi mata wankin ciki nan take sai aka tsaya tambayar me ta sha, waye ya ba ta, ina mijin ya zo ya sa hannu, shi kuwa mijin yana Legas wajen neman kuɗi wayarsa bata shiga, likitan da ke duti yaro ne sabon fitowa sai zufa yake yana cewa shi bazai sa kansa a matsala ba a jira babba ya zo da safe. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba ta rayu, bayan an ƙara mata leda uku na jini da ƙyar danginta suka haɗa. Kuma fa ɓari ne kawai ta yi, ba abinda ta sha.

Abinda ya fi ci min rai, ma'aikatarka tun 2018 ta fitar da ƙa'idojin yadda za'a cire ciki lafiya in doka ta yarda, tun kafin ka hau kujerar. Ina takardar take? Da turanci take, tana cikin durowa a Abuja, mu na ƙananan asibitoci sai labari. Jihar Legas ta gwada fitar da nata a 2022, hayaniya ta tashi, ba'a yi wata guda ba gwamna Sanwo-Olu ya dakatar. Na san abinda kuke gudu kenan.

Amma nan ba sai an bi ta hanyar Legas ba. Ku fara da malamai. Su suka karantar da mu hadisin busa rai bayan kwana 120, su suka karantar da mu cewa larura tana halatta abinda aka hana, kuma ni dai ban taɓa jin malamin da ya ce a zuba ido uwa ta mutu ba. Ku zauna da su da sarakuna kamar yadda kuka yi lokacin allurar foliyo, kai kanka ka yi wannan aikin ka ga amfaninsa.

Batun yaran da aka yi wa fyaɗe kuma, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka da ta ambaci cire cikin fyaɗe amma dokarmu shiru, wannan na bar wa majalisa da malamai, ya fi ƙarfina. Su dai yaran, kemis suke zuwa, mu kuma a kawo mana su sun galabaita.

Dan Allah a fassara takardar nan ta 2018 da Hausa, a manna ta a bangon kowane ɗakin haihuwa kusa da jadawalin duti, da sa hannunka a ƙasa, yadda likita zai nuna wa duk wanda ya tambaye shi.

Wassalam, na gode ranka ya daɗe.