Ba Duk Aro Ne Sata Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a filin adabi na ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Ya yi wa marubutan labaran aljanu da na sararin samaniya kuɗin goro, wai duk ɓarayin fasaha ne tunda kowa zoben tsafi, kowa takobin gado. Mai gabatarwa kuma ya zuba masa ido, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

In haka ne, sai ya fara da Abubakar Imam. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, dabarar akun da ke jan labari don ya hana mutum fita daga littattafan Indiya da Farisa ta samo asali, wasu labaran kuma daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus. Wa ya taɓa karantawa ya ji ƙanshin baƙunta? Rushe su ya yi, ya sake gini da ƙasarmu: fada, waziri, dogarai, alƙali.

Jigo kowa na iya ɗauka. Ita kanta dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta kare tunani, yadda aka zuba shi take karewa, har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Gwajin ba wuya. A ajiye littafin kusa da fim ɗin da ake zargin an kwaikwaya, a rubuta abin da ya faru a kowace fitowa. Idan goma na farko suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, haɗuwa ɗaya, cin amana ɗaya, sunaye kawai aka canza, wannan sata ce, a faɗa. Idan zoben kaɗai suka haɗa, a bar marubuci ya sha iska.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne ba sa tambayar abin da aron zai jawo. An saka Malam Bahaushe a kumbo, to ina alƙibla? Tashar sararin samaniya tana zagaya duniya cikin kamar minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a kwana guda. Da wace zai yi azahar? Yaya zai yi alwala inda ruwa ba ya zuba ƙasa? Malaman Malesiya sai da suka zauna kan wannan kafin ɗan ƙasarsu ya tashi zuwa tashar a 2007. Marubucin da ya tsallake waɗannan tambayoyi, Ba'amurke ya rubuta ya sa masa hula. Wannan ya kamata baƙonku ya koya wa matasa, maimakon ya kashe musu gwiwa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shirin. Ana cikin karanta waƙa sai ku katse, ku dawo an wuce baiti biyu.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya