Amsa ga Honorabul kan maganar bakin teku

Ranka ya daɗe, Honorabul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ban samu halartar taron 'yan kasuwarmu mazauna Legas ba, amma an turo mini faifan jawabinka, kuma ba duk waɗanda suka turo shi ne suka yi don ƙauna ba. Na saurara har ƙarshe. Ka ɗaga jaridar da na yi rubutu a ciki, inda na ce ya kamata Tema da Lome da Kwatano da Legas su riƙa zama tare kafin ɗayansu ya zuba dutse a teku ko ya cike bakin ruwa. Sai ka tambayi jama'a, wai me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai mutumin Zazzau ga maganar teku, alhali a garinsu ko ruwan famfo ya gagara? Ka ce in ambaci abu ɗaya tak da irin wannan haɗin kai ya taɓa haifarwa ban da shan shayi a otal. Sannan ka rufe da wadda ta fi ci mini rai, ka ce a tambaye ni wane Bature ne ya ɗauke ni ɗan kore. Aka yi dariya, aka tafa maka.

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta taɓa mutunci.

Ni safiyo ne. Da awon ƙasa na ci abinci har na yi ritaya, kuma rabin rayuwata a cikin taɓon Legas na yi ta, ina kafa turaku a inda ruwa ke tumɓuke su kafin wata damina. Gidan da nake ciki a Agege na haya ne, dattawan masallacinmu sun san wannan, kai ma ka sani, tunda ka zo ta'aziyyar mahaifiyata ka zauna a kan tabarma a ƙofarsa. In akwai Baturen da ke biyana, to lallai an cuce ni a ciniki. Amma tunda ka tayar da zancen Turawa, bari in tuna maka. Lokacin da kake majalisa, kwamitinku ya tafi Holan ziyarar gani da ido. Mun ga hotuna, kun jeru da hulunan kwano da rigunan ruwan ɗorawa a gaban injinan ɗaga kwantena, kowa na murmushi. An biya alawus, an dawo da tsaraba. Rahoton tafiyar ne kawai bai iso ba har yau. Ban taɓa kiranka ɗan kore a kan wannan ba, don tarbiyya ta hana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da alama kanun rubutun kaɗai aka karanta maka. Ban ce a kwaso tsarin Turai a dasa a Legas ba. Cewa na yi maƙwabtanmu na kusa sun fi cancanta mu zauna da su, saboda yashi ɗaya muke ci. Bari in fayyace, ko ba don kai ba, don waɗanda suka tafa.

Duk wanda ya tsaya a bakin tekunmu ya lura, zai ga igiyar ruwa ba ta bugun gaɓa kai tsaye. A karkace take zuwa, daga kudu maso yamma. Kowace igiya takan ɗebi yashi ta matsar da shi gabas kaɗan, ta bayanta ta ƙara matsar da shi, dare da rana. Haka yashin ke tafiya daga bakin kogin Volta a Gana, ya bi ta Togo, ya ratsa Binin, ya shigo Najeriya, a wasu wuraren abin da ya kai kubik mita miliyan ɗaya a shekara. Idan ka miƙa katangar duwatsu cikin teku don kare mashigar jiragen ruwa, yashin zai taru a yammacinta, gabashinta kuma ya rasa mai cike masa gurbi, sai ruwa ya fara cin ƙasa. Daidai yake da abin da ke faruwa a unguwanninmu da damina: mai hali ya ɗaga daɓen ƙofar gidansa ya toshe kwata, ruwan ya juya ya shige ɗakin maƙwabci, shi kuwa ya rantse bai taɓa kowa ba.

Gana ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, ta kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin da Volta ke kawowa ya tsaya a bayan madatsar. Je ka garin Keta ka ga abin da ya rage na tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784. Teku ta cinye babban ɓangarenta, tare da unguwannin da ke kewaye. Kwatano ta buɗe tata tashar a 1965, sai unguwar Akpakpa da ke gabashinta ta riƙa zubewa cikin ruwa gida-gida. Lome ta buɗe tata a 1968, aka wayi gari hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Aneho sai an janye ta can ciki, kuma ba sau ɗaya ba. Mu kuwa mun riga su duka. Tun wajen 1908 Turawan mulki suka fara zuba duwatsun da ake ɗaukowa a jirgin ƙasa daga yankin Abeokuta don buɗe mashigar Legas, kuma daga nan gaɓar Bar Beach da ke tsibirin Victoria ta shiga uku. Wanda ya zauna Ikko kafin a gina katangar yanzu ya san yadda ruwa ke haurowa titin Ahmadu Bello, ya shiga ofisoshin jihohi da ke jere a wurin, har da na jihohinmu na Arewa. Na taɓa tsayawa a gefen titin nan da safe bayan irin wannan dare, yashi ya binne kwalta, masu gadi sun naɗe wando zuwa gwiwa suna kwarfe ruwa da bokiti, kifi ƙanana na tsalle a cikin lambatu.

Maganin da aka yi shi ne Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku da yashi don ginawa, da katangarta wadda injiniyoyin Holan suka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5. Ta kare tsibirin Victoria, wannan ba na musu. Ka ce ina adawa da ci gaba. Ba zan ɓata tawada a kan wannan ba. Sai dai ka tambayi mutanen Okun Alfa da sauran ƙauyukan da ke gabashin katangar inda filayensu da kwakwarsu suka tafi. Su dai a kanta suke ɗora alhaki, kuma gwamnatin jihar da kanta ta bi bayan aikin tana jera shingayen duwatsu zuwa gabas. A cikin jiha ɗaya ke nan. Ina ga tsakanin ƙasa da ƙasa, inda wanda aka cuta ba shi da kotun da zai je?

Yanzu ga abu ɗayan da ka nema.

Togo da Binin sun daɗe suna wannan jifa. Togo ta kare Aneho da duwatsu, ruwa ya koma cin Hillacondji da hanyar Grand-Popo a Binin. A 2018 Bankin Duniya ya amince da shirin kare gaɓar Afirka ta Yamma da ake kira WACA, kuma a ƙarƙashinsa ƙasashen biyu suka yi abin da ba a saba gani ba: suka yi nazari ɗaya, suka ba da kwangila ɗaya ga kamfanin Boskalis, aikin ya taso daga Agbodrafo a Togo ya tsallaka iyaka zuwa yankin Grand-Popo. An fara a ƙarshen 2022. A ɓangaren Binin an zuba yashi sama da kubik mita miliyan shida, aka bar igiyar ruwa ta riƙa rarraba shi da kanta, dabarar da Holan ta gwada a gaɓarta tun 2011. Wannan ba shayi ba ne, Honorabul. Daga Seme tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota, ba a neman biza, sai dai babu alawus na dala. Kuma don a san girman abin da ake magana a kai, binciken bankin ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta ci wa Binin da Togo da Senegal da Kwaddibuwa dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai.

Akwai kuma hukumar tashar Antwerp ta Beljiyam, wadda aka danƙa wa tafiyar da tashar Kwatano tun 2018. A kan wannan ana iya jayayya, ni ma ina da tambayoyina, don wanda aka ɗauko don ya hanzarta sauke kwantena ba lallai ya damu da gidan masunci ba. Abin da na so kwamitinku ya ɗauko daga tashar Rotterdam ta Holan ba tsayin injina ba ne. Tashar can, kusan kashi 70 cikin ɗari na hukumarta mallakar birnin ne, saura na gwamnatin ƙasa. Saboda haka mai tsara titi da mai tsara tasha ubangidansu ɗaya. Da suka matsar da manyan jirage can bakin teku a Maasvlakte, sai tsofaffin wuraren sauke kaya na tsakiyar gari suka koma gidaje da makarantu. A nan kuwa tasha ta tarayya ce, gari na jiha, kuma rigimar wa ke da iko da hanyoyin ruwan Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli. Sakamakon shi ne cunkoson tashar Apapa.

Apapa ɗin ce ta kawo ni kan tambayarka ta farko. Su wane ne suka yi shekaru suna kwana a ƙarƙashin tirela a kan gadar Ijora, mako biyu, mako uku, suna alwala da ruwan leda, suna jiran layi? Da wane harshe ake gaisawa a cikin wannan layin? Kafin a kawo tsarin Eto na ba tireloli layi ta intanet a 2021, kuɗin ɗauko kwantena daga Apapa ya yi tashin gwauron zabi, kuma ba mutumin Apapa ne ya biya ba. Mai saye a Kantin Kwari da Singa ne ya biya. Riɗi da citta da fatu da ƙaron da muke fitarwa ta nan suke bi. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, kowace da yanka zare da jawabai, amma tashar tsandauri ba ta fi ƙarfin tashar ruwan da ke ciyar da ita ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sanin wannan. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Binin, kayan da ke bi ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Tambayi ɗan kasuwar Maraɗi ko teku ta shafe shi.

Ba kaya kaɗai ba, har mutane. Duk lokacin da aka ce za a ƙawata bakin ruwa, talaka ne ke tattara tabarmarsa. A Yulin 1990 aka rushe unguwar Maroko a Legas, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, yau filin na cikin mafi tsada a ƙasar nan. Otodo Gbame ta bi a 2016 da 2017, babbar kotun Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma hukuncin ya zo bayan an riga an share wurin. Tarkwa Bay ta bi a Janairun 2020. Asalin waɗannan wurare na masu ƙasa ne, Egun da Yarabawa da sauransu, amma ka san babu unguwar talakawa a Legas da ba mai shayi, ba mai ga-ruwa, ba mai gyaran takalmi daga wajenmu. A Lome ma, tsohon Zango da ke tsakiyar gari an tashe shi a 1977 aka kai mutanensa can bayan gari. Shi ya sa na rubuta cewa idan biranen nan za su zauna, to su amince da ƙa'ida ɗaya: ba a rushe wa mutum gida sai an sanar da shi, an ƙirga shi, an nuna masa inda zai koma.

A nan ne raina ke ɓaci da manyanmu, ba kai kaɗai ba. Ba a ganin ku lokacin da ake zana taswira. Ana kafe sanarwar jin ra'ayin jama'a kan tasirin aiki ga muhalli, wa'adin ya ƙare ba wanda ya aika ko shafi ɗaya a madadin mutanenmu. Sai katafila ta gama aikinta, sannan a zo da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, a yi jawabi a kan 'yancin ɗan Arewa na zama ko'ina a ƙasarsa. Ga babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, kilomita 700, an fara tun 2024. Ƙungiyar da ta ba ka abin magana ranar nan, ta taɓa neman ganin taswirar? Idan wani ya buɗe baki kafin a yi ɓarna, sai a ce ya shiga sharo ba shanu.

Mutane suna ta kawo mini zance, wai tun da ka bar majalisa ka shiga harkar haƙar yashi, wai tifofinka ne ke kai wa masu cike bakin ruwa, wai shi ya sa maganar a riƙa sanar da maƙwabta kafin a haƙa ta tsaya maka a maƙogwaro. Ni dai na ce musu a'a, Honorabul ya wuce nan, kishin ruwan famfon Zariya ne kawai ya motsa shi, ko da yake ban tuna ya taɓa kawo ƙuduri a kai ba lokacin da yake da kujera.

Shugabannin ƙungiya sun ce za su ba ni dama a zama na gaba. Zan zo da taswirorin gaɓar Legas na da da na yanzu, a shimfiɗa su a kan tebur kowa ya gani. Ina roƙonka da girman Allah ka halarta, ka kuma taho da rahoton tafiyarku ta Holan, ko da kwafi ɗaya ne. Idan ya ɓace, ka faɗa a gaban jama'a, a cikin abin maganar da ka kira ni ɗan kore.

Wassalam.

Naka,
Tsohon safiyo, Agege, Legas.