A daina jona babbar kwamfaresa a soket din gida

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ban fili in ja kunnen 'yan uwana masu faci da fentin mota a nan Jos, musamman masu bude dan shago a kofar gida.

Mutum sai ya sayo katuwar kwamfaresa (injin matsa iska) ta masana'anta, ta hannu, ya ce ai ya samu araha, bai ko karanta farantin bayanin da ke jikin motar lantarkin da ke juya ta ba. Galibin irin wadannan kwamfaresoshi fes uku (wato layin wuta uku) suke so, wajen volt 400, wutar gida kuwa fes daya ce 230, to ta yaya? Ko wadda ke karbar fes dayan ma lokacin tashi takan ja ninki biyar ko shida na wutar da take ci in ta daidaita, shi ya sa za ka ga kwan makwabta ya dushe, firji na kuka, ita kuma motar tana gurnani ta kasa juyawa har koyil ya kone. Filogin amp 13 da siririyar wayar soket ta 2.5 ba su da wannan karfin wallahi, taba soket din ka ji zafi.

Abin da ya fi bata min rai shi ne masu cire fiyus su nada wayar tagulla wai don kar ya rika yankewa, gobara kenan a daki mai tayoyi da tina.

A nemi mitar fes uku a kamfanin wuta, ko a sa VFD (na'urar da ke mayar da fes daya zuwa uku, ta kuma tayar da motar a hankali), ko a canza motar da karama, a kuma ja wa kwamfaresar layinta daban da birka da wayar kasa.

Naku,
Wani mai gyaran wuta, Unguwar Rogo, Jos