Kafin a ce an ɓoye lissafi a cikin kiɗa, a auna tukuna

Assalamu alaikum, Edita.

Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in sa baki a wata magana da ke yawo tsakanin masu sauraren kiɗan lantarki, cewa masu haɗa shi suna ɓoye lissafi da hotuna da gutsattsarin tsofaffin waƙoƙi a ciki. Maganar tana da tushe. Sai dai an cakuɗa gaskiyarta da shaci-faɗi, har ta kai duk wanda ya ƙirga bugu biyar ya ƙara takwas sai ya ce ya tono asiri. Abin da aka ɓoye da gangan yana aunuwa, kuma kayan awon kyauta ne. Manhajar Audacity ko Sonic Visualiser ta isa.

Abu na farko shi ne fayil ɗin da za a bincika. Sautin faifan CD ana ɗaukar awonsa sau 44,100 a kowace daƙiƙa, don haka yana iya riƙe sautin da ke kaɗawa har sau 22,050 a daƙiƙa, wato rabin wancan adadin. Kunnen mutum kuwa daga wajen Hz 20, wato kaɗawa sau 20 a daƙiƙa, yake ji zuwa 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. To fayil ɗin MP3 da aka matse zuwa kilobit 128 yakan datse abin da ya haura wajen Hz 16,000, ya kuma zubar da ƙananan sautukan da ya ɗauka kunne ba zai yi kewarsu ba. A irin waɗannan wuraren ne mai ɓoyo ya fi son ajiya. Wanda ya yi bincike da matsattsen fayil, musamman wanda ya bi ta hannu da yawa ana sake matse shi, zai iya rantsewa babu komai alhali da akwai. A nemi fayil ɗin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai na sautin.

Hoton da ake ɓoyewa a sauti shi ne ya fi ɗaukar hankali, kuma shi ya fi sauƙin tabbatarwa. Manhaja tana iya shimfiɗa sauti a allo: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaurin sauti a ƙasa, kaifinsa a sama, hasken launi kuma yana nuna ƙarfi. Mai haɗa kiɗa yana iya juya aikin, ya ba na'ura hoto ta mayar da shi sauti. A kunne sai a ji wani ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, a allo kuwa sai ga fuska. Sanannen misali shi ne na Richard D. James, wanda aka fi sani da Aphex Twin. A faifansa Windowlicker na 1999 akwai wani kiɗa da sunansa ma doguwar jimlar lissafi ce, kuma kusa da ƙarshensa ya dasa hoton fuskarsa tana murmushi.

Saiti biyu ne ke sa mutane su kasa ganin irin wannan hoto. Na ɗaya ma'aunin tsaye. Kunne yana jin sauti ne da ninki: 110, 220, 440, 880, kowane tsalle daidai yake da ɗan'uwansa a ji, duk da tazarar lambobin tana ruɓanya. Idan aka bar ma'aunin a miƙe, rabin allo duka yana tafiya ne a kan tsalle ɗaya tak, daga 11,025 zuwa 22,050, sauran kiɗan kuma ya dunƙule a ƙasa. Hoton da aka zana bisa ma'aunin ninki sai ya fito a murɗe, kamar an zauna a kansa. A gwada ma'aunan biyu.

Na biyu girman taga, wato tsawon gunduwar sautin da manhaja ke yankowa ta auna a lokaci guda. Taga mai awo 2,048 tana ɗaukar kimanin milisakan 46 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa), kuma tana bambance sautuka biyu ne idan tazararsu ta kai wajen Hz 21. Idan aka ɗaga ta zuwa 8,192, tazarar ta sauko wajen Hz 5, amma gunduwar ta kai milisakan 186, sai hoton ya jirwaye ta gefe. Idan aka rage ta zuwa 256, lokaci ya fito tsaf, layukan kwance su narke. Ba a samun duka biyun a lokaci ɗaya, kuma wannan ba gazawar manhaja ba ce, haka lissafin yake. A fara da 2,048, a riƙa ninkawa ko rabawa har hoton ya zauna. A kuma duba sautin lasifikar hagu daban, na dama daban, domin wani lokaci a ɗaya kawai aka sa.

Lissafin da ke cikin bugun ganga ya fi wannan wuyar kamawa, don ba a ganinsa, ƙirga shi ake yi. A raba 60,000 da yawan bugu a minti, sai a sami tsawon bugu ɗaya da milisakan. Kiɗa mai bugu 120 a minti kowane bugunsa milisakan 500 ne, kuma idan aka raba bugun huɗu, kowane taki ya zama 125. Gaɓa ɗaya a yawancin kiɗan rawa taki 16 ce. Yanzu a ɗauka mai haɗawa ya sa wani sauti yana maimaita kansa bayan kowane taki 5 a kan wannan gaɓa. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan taki 80, gaɓa biyar ke nan. Idan kuwa ya ɗora zagaye uku, na taki 11 da 13 da 17, lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, ba za su dawo tare ba sai bayan taki 2,431, wato sama da minti biyar a wancan saurin. Shi ya sa wasu kiɗan ake jin kamar suna maimaituwa amma ba a taɓa kama su sun faɗi abu ɗaya sau biyu ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a ware sauti ɗaya, a sa alama a duk inda ya dawo, a ƙirga takin da ke tsakani. Idan 13 ce sau ashirin a jere, an shirya ta ne.

Amma fa ba duk tsari mai kyau ne ɓoyo ba. A 2005 masanin kwamfuta Godfried Toussaint ya nuna cewa idan aka rarraba bugu daidai gwargwado a kan taki ta hanyar dabarar Yukilid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ana samun salon kiɗan da al'ummomi da dama suka daɗe suna kaɗawa. Bugu 3 a kan taki 8 yana ba da tazarar 3, 3, 2. Yanzu na'urorin haɗa kiɗa da yawa suna da maɓallin da ke yin wannan rabo da kansa. Don haka samun 3, 3, 2 a kiɗa ba ya nuna mai shi yana aika saƙo, wataƙila maɓalli kawai ya murɗa.

Inda aka fi yin aringizo shi ne jerin Fibonacci, 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, da rabon 0.618 da ake dangantawa da shi, sai kuma lambar pi, wadda ta fara da 3.141. Za ka ji an ce ƙololuwar kiɗa ta faɗo daidai kan wannan rabo. A kiɗa mai daƙiƙa 300, wurin shi ne daƙiƙa ta 185. Amma kashi biyu bisa uku na wannan kiɗan daƙiƙa 200 ne, kuma masu haɗa kiɗa da ma can wajen suke kai ƙololuwa ko sun san lissafi ko ba su sani ba. Wanda ya yarda da kuskuren daƙiƙa goma sha biyar zai sami rabon a kusan kowane kiɗa. Haka batun pi. Idan aka ɗora 3, 1, 4, 1 a kan matakan sauti bakwai, damar dacewa a wuri ɗaya ita ce ɗaya cikin 2,401. Kiɗa mai sautuka 600 yana da wuraren farawa kusan 600, ga kuma 'yancin fara ƙirga daga kowane mataki, sama ko ƙasa. Rashin samun dacewar ne ma zai zama abin mamaki. Lambobi goma sha biyu a jere kuwa, ɗaya ne cikin kusan biliyan 14, nan sai a saurari mai magana. Ko saurin kiɗa ma a auna shi da kyau kafin a ce 161.8 ne, adadin da shi ma ake dangantawa da wancan rabo. Bambancinsa da 162 bai kai rabin milisakan a bugu ɗaya ba, sai an auna tsawon bugu 64 kafin ya taru ya kai wajen milisakan 29.

Sai gutsuren aro, wato sautin da aka yanko daga wani tsohon faifai ko fim ko talabijin aka dasa a sabon kiɗa. Wanda ya fi shahara shi ne bugun ganga na daƙiƙa shida zuwa bakwai da Gregory Coleman ya yi a waƙar "Amen, Brother" ta ƙungiyar The Winstons a 1969, wanda aka yi ta yankawa ana jerawa a dubban kiɗa. Ba kasafai ake barin aro yadda yake ba. Tsofaffin na'urori idan suka ƙara wa sauti sauri, kaifinsa ma sai ya hau, kuma hawan yana da ƙa'ida: kowane rabin mataki ninki ne da 1.0595. Ɗaga kiɗa daga bugu 120 zuwa 150 ninki ne da 1.25, wanda ke ɗaga sautin kusan rabin mataki huɗu. Faifan garmaho mai juyi 33 da sulusi idan aka juya shi a 45, ninkin 1.35 ne, rabin mataki biyar da ɗan ɗori. Don haka idan aka ji murya siririya ana zargin aro ce, a fara rage saurinta da 1.35, sau da yawa nan take muryar babban mutum take fitowa. A gwada juya sautin baya ma.

Tsohon faifai yana tafe da dattinsa, kuma dattin ne ke tona shi. Gurnanin wutar lantarki yakan shiga ɗauka, Hz 60 a Amurka, Hz 50 a Turai. Idan aka ga siririn layi a kwance a Hz 75 yana bayyana tare da gutsuren yana ɓacewa tare da shi, akwai alamar ɗaukar Amurka ce aka ninka da 1.25. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuma tana fitar da wani fito a Hz 15,625 a tsarin Turai, ko wajen 15,734 a na Amurka, kuma wanda ya naɗi magana kusa da ita yakan kwaso shi. Sababbin manhajoji suna iya canza sauri ba tare da taɓa kaifi ba, to a nan wannan lissafin ba ya aiki, sai dai a lura da yadda bakin bugun ganga ya dushe ko ya yi kamar an buga sau biyu.

Idan an sami faifan da ake zargi, a ɗora shi ƙarƙashin sabon kiɗan, a daidaita sauri, a kifar da igiyar sautin ɗaya sama ta koma ƙasa, sannan a haɗa su. Abin da yake iri ɗaya zai soke juna. Ba a cika samun shiru ɗungum ba, domin an riga an tace aron an ƙara masa amo, amma ƙarfinsa zai faɗi a fili. Goce wa daidaito da awo kaɗan cikin 44,100 ɗin nan yana hana sokewar, musamman a kaifafan sautuka, don haka sai an faɗaɗa allo har ana ganin ɗigon awo ɗaya-ɗaya.

Roƙona gare ka, Edita, duk ranar da za a buga labarin cewa an gano wani ɓoyo a kiɗa, a nemi mai iƙirarin ya faɗi minti da daƙiƙar da abin yake, da irin fayil ɗin da ya yi amfani da shi, da girman tagar da ya saita, a buga su tare da labarin domin mai karatu ya buɗe nasa allon ya duba.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku