Amsa ga Kawuna, Kan Tambayar da Ya Yi Mini a Bainar Jama'a

Assalamu alaikum, Kawu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma ƙafar nan ta yi sauƙi.

Ranar Asabar ɗin bayan Sallah, a taron da ɗaliban unguwarmu suka shirya a filin firamare, ka karɓi lasifika ka kira sunana, ka ce in miƙe. Na miƙe. Ka ce: "Ga shi nan, ɗan ƙanwata ne. Kafin ya tafi jami'a a Samaru ko baki ba shi da shi. Yanzu ba abin da muke yi daidai a idonsa. Ya gaya wa jama'a, boko ne ya koya masa raina gida, ko kuwa gidan ne ya lalace mu ba mu sani ba?" Aka yi dariya, aka tafa. Ka ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce Allah ya huci zuciyarka, na zauna.

Wasu sun ɗauka amsar ce ba ni da ita. Tarbiyyar da kuka yi mini ce ta hana ni mayar maka da magana ina tsaye a gaban mutane. Amma tunda a fili ka yi tambayar, har wani ya ɗauka a waya ya watsa, ka yi mini izini in amsa a fili, a rubuce, inda zan iya tauna magana kafin in furta.

Gaskiya ne na canza, ba zan musa ba. Sai dai ba a aji abin ya fara ba, a zaurenmu ya fara.

A shekarata ta farko na zo gida da abokin ɗakina, ɗan Inugu, don ya ga hawan Sallah. Ka tuna shi, shi ne ya cinye tuwon Inna har da neman ƙari, miyar kuka na bin hannunsa. Na kai shi ƙofar fada ya ga dawakai, na kai shi Masallacin Juma'a na nan Zariya ina ta yi masa burga, cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa tun shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Bakinsa a buɗe. Da yamma muna zaune a zaure sai ga yaron nan da ke yi wa Inna wanke-wanke ya fito da kwandon shara a ka. Abokina ya ce, "Ƙaninka ne? Aji nawa yake?" Na ce a'a, almajirin gidanmu ne. Ya ce, "Yaya sunansa?"

Kawu, na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Shekara uku yaron nan yana shiga gidanmu safe da yamma, yana cin ragowar tuwonmu, yana wanke mini kaya, kuma ban san sunansa na yanka ba. Ɗan Malam muke ce masa, kamar yadda muka kira wanda ya gabace shi, da wanda ya gabaci wancan.

Washegari na tambaye shi. Ya gaya mini sunansa, da ƙauyensu can cikin Jigawa, da cewa rabonsa da mahaifiyarsa Sallah huɗu ke nan. Izu ashirin ne a kansa, abin da ni mai jakar littattafai ba ni da shi. Amma idan aka aike shi kemis ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalin magani. Na sha jin ana cewa a rediyo, ta bakin UNICEF, yara wajen miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Adadin bai taɓa hana ni barci ba. Guda ɗayan nan da ke miƙo mini buta shi ya hana ni.

Kar ka ce karatun allo nake suka. A kansa na tashi, zanen bulalar malam na nan a bayana. Kai ma ka san Zariya ba ta sami sunan birnin ilimi a banza ba, tun kafin Bature ya zo ake tahowa daga nesa a zauna a zaurukan Kona da Juma don nahawu da lugga. Amma kai da kanka ka ba ni labarin yadda abin yake a da: malam yana da gona, almajirai suna taya shi noma, unguwa ta san yawansu ta kuma ɗauki cin su. Wannan daban, sauke yaro ɗan shekara shida a tasha da robar bara daban. Na farkon al'ada ce. Na biyun uba ne ya gudu daga nauyin da Allah ya ɗora masa, mu kuma muka samu mai wanke-wanke a araha muka yi shiru.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ina zaune a shagonka na kasuwar Sabon Gari ina auna atamfa. Na gode maka, da ba don kai ba da zaman banza ya kashe ni. A nan kuwa na yi karatun da ya fi na Samaru shiga jiki, don kunne na kasa. Duk wanda ya zauna a bencin nan da kukansa yake zuwa, kuma duk kukan da kalma ɗaya ake rufe shi: sai haƙuri, haka Allah ya so. Wuta ta kwana uku ba ta zo ba, sai haƙuri. 'Ya'yanmu na gida wata da watanni, da yawa cikin 'ya'yan masu yanke hukuncin kuwa suna Ingila da Dubai suna karatunsu, sai haƙuri. Kowace safiya 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki a gaban famfon da ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, mu saya mu ce alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce. Amma ruwan sama ne na Allah, Kawu. Famfo mutum ne ya karɓi kwangilarsa, yana da suna, yana da gida, kuma idan ya shigo masallaci sahun gaba muke ba shi. Kai ka koya mini cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mu mun saki raƙumin, muna kallon wanda ya kore shi, muna cewa ƙaddara.

To, laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga kan nawa. Ka tuna ranar da jikin Inna ya tashi muka kai ta wani asibiti, ba a garin nan ba. Mun tarar da layi har waje. Ka ciro waya ka kira wani da ka sani, ba a yi minti goma ba aka zo aka shiga da mu ta ƙofar gefe. A kan bencin da muka wuce akwai wata mata, daga ganin zanenta da ƙurar ƙafarta ka san daga ƙauye ta taho tun asuba. Yaro ne kwance a cinyarta, idonsa ya yi fari fat, tana yi masa fifita da katin asibitin. Ta ɗago ta dube mu. Ba ta ce komai ba, har ma ta janye ƙafarta don mu wuce. Ni da nake cika baki a ɗakin kwanan ɗalibai ina zagin alfarma da "wa ka sani", ni ne na riƙe hannun Inna na bi ta gabanta, kuma a ranar daɗi na ji. Ko gobe aka maimaita, uwata ce, ban san ko zan iya ƙin shiga ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Mun gina rayuwar da mutumin kirki ba ya iya taimakon nasa sai ya taka wani. Muna ce masa zumunci, kuma zumuncin ne, amma matar nan ita ta biya kuɗinsa.

Na biki ba sai na ja ba, mun riga mun yi ta a gida. Akwati goma na lefe, kayan ɗaki na bashi, gara kamar za a buɗe kanti, sannan ƙanwar amarya ta zauna gida shekara guda don babu kuɗin jarrabawa. Addini sadaki ya ce, bai ce akwati ba. Haka nan ganuwar da muke yi wa kirari idan baƙo ya zo. Ka bi ta wajen Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan ka ga abin da ya rage. Ba ɗan boko ne ya zo da tunaninsa ya cinye ta ba, mu ne muka yi ta haƙar ƙasarta muna gini.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ko boko ne ya koya mini. Tarihi nake karantawa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a cikinsa shi ne yawan magabatanmu da aka taɓa yi wa irin tambayar da ka yi mini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai je Ingila ba, amma ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci da karɓar gaisuwa kafin a yi wa talaka shari'a, ya kuma soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abin da aka tarar ake yi ne ya ce ba daidai ba ne, kuma tutarsa ce Malam Musa ya kawo Zazzau. Hajiya Gambo Sawaba a nan Zariya ta tashi, ba ta yi zurfi a boko ba. An daka ta, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don ta ce a daina aurar da yara ƙanana, a bar mata su yi karatu su jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a ƙarshen shekarun 1970. A lokacin marar kunya ake ce mata. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A sashen da nake karatu kuma har yanzu ana ambaton marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, jinin sarautar Katsina, wanda ya ƙare rayuwarsa a 2005 yana yi wa masu mulki tambayoyin da ba sa so.

Amma me ya kai ni nesa? Hoton wa ke rataye a shagonka, saman inda kake ajiye almakashi? Malam Aminu Kano ne. Wa ya ba ni labarin kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da yadda 'yan doka ke kama mutum don kawai ya ƙi cire takalmi ya durƙusa? Wa ya gaya mini cewa a 1979 shi da kansa ya yi ta yawo a kan keke da alamar mabuɗi ta jam'iyyar PRP har Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, kuma kakanmu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa? Kai ne, Kawu. Ina ɗan shekara goma kake zaunar da ni kana cewa talaka ma mutum ne. Idan akwai wanda ya lalata ni, ba sai an je Samaru neman sa ba.

Inda kake da gaskiya kuwa, kana da ita. Akwai wata cuta da ke kama ɗalibi a shekararsa ta biyu, ya karanta littafi uku ya dawo yana magana ta hanci, kowa jahili ne sai shi. Ta kama ni. Ranar da na gyara wa Inna magana a gaban baƙi kan maganin gargajiya, ko da abin da na faɗa daidai ne, na yi rashin kunya, kuma na ba ta haƙuri. Kai ma ina ba ka haƙuri kan ranar da na ce muku "ku mutanen da". Ka ciyar da gida uku da kuɗin atamfa, ni ko buhun masara ban taɓa saya da gumina ba.

Kuma idon da ya nuna mini aibin gida shi ya nuna mini abin da ban san darajarsa ba. Abokin nan nawa da mahaifinsa ya rasu, sai da suka yi makonni suna tara kuɗin biki kafin a binne shi. Da ya ga jana'izar maƙwabcinmu, an yi wanka an yi sallah an kai shi kafin la'asar, attajiri da mai tura kura a sahu ɗaya, likkafani iri ɗaya, sai ya yi shiru ya ce mu riƙe wannan da kyau. Ya ga yara na yawo da kwanukan ciyayya gida-gida da magariba. Ya ga matafiyi ya yi sallama a zaure an ba shi tabarma ba a tambaye shi takarda ba. Ba na son ko ɗaya cikin waɗannan ya ɓata. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Game da rimi, na yarda kana hango abin da ba na hangowa. Sai dai mai hangen nesa wani lokaci ba ya duba gindin bishiyar, yaro kuwa da yake gajere ne nan idonsa ke sauka. Abin da na gani a gindin shi ne Ɗan Malam.

Na je na gaida malaminsu, mun yi magana. Ya ce ba ya hana yaron shiga firamare da safe in dai zai dawo karatun yamma da na dare, kuma in akwai babban da zai tsaya masa. Ni ɗalibi ne, ba a ɗauke ni babba ba tukuna. Na tara kuɗin yunifom da littattafai daga abin da kake ba ni na mota. Saura wanda zai riƙe hannunsa ya kai shi wajen hedimasta ya ce ɗana ne, kuma ya lallashi Inna ta haƙura da wanke-wanken safe. In Allah ya kai mu Juma'a zan biyo ta gida bayan an sauko daga masallaci, da goronka, ni da shi, ya gaya maka sunansa da bakinsa.

Ka gaida su Gwaggo da yara.

Ɗanka,
daga Samaru, Zariya.